Garin Cikin Akumari

Ni fa ba ruwana da maganar nan tun farko. Na taso daga Madawa na zo gida don in ci sabon hatsi, in kwana uku in koma bakin kasuwa inda nake sha'anina. Ko ƙafa ban wanke ba Baba ya kira ni bayan rumbu, ya ce akwai aikin da ba mai iya shi a gidan sai ni. Da na ji haka na san ba alheri ba ne, don a gidanmu ba a taɓa cewa na iya wani abu ba sai in abin na ɓata wa mutum rai ne.

Shekarun nan ne da Nasara ke yaƙi can ƙasarsu, namu na Faransi da na Ingilishi ba su shiri, aka rufe iyaka. Ɗan saƙon sarki ya zo ƙauyenmu, kudu da Buza, ya kira sunayen samarin da za a kai aikin dole, sunan wana na ciki. Cikin waɗanda aka ɗauka bara akwai wanda bai dawo ba, akwai wanda ya dawo da tarin da har yau bai bar shi ba. Baba ya yanke shawara wana ya sulale ya tsallaka ƙasar Ingilishi, ya bi daji har Kauran Namoda inda jirgin ƙasa yake, daga can ya nemi wurin haƙar kuza. Kwana shida ne ko bakwai a ƙasa bayan iyaka, kuma ba ratsawa cikin ƙauyukan bakin iyaka, don akwai masu gari da ke kama mutum su maido shi. Mai irin wannan tafiya, abin da ke cikin jakarsa shi ne ransa.

To jakar ce matsalar. Kakarmu, uwar Baba, ita ta goyi wana, kuma tun ranar da aka kira sunansa ta tashi haɗa guzuri kamar mai sallamar ayari. Ni kuwa na san abin da ba ta sani ba. Shekara biyu na yi a lakwal, makarantar Faransi ta Madawa, kafin ni da mushe, wato malaminmu, mu gaji da juna, sauran karatuna a bakin kasuwa na yi shi, kuma can na ga yadda gardawan kumandan, wato 'yan sandan Nasaran da ke mulkinmu, ke aiki a hanyar kudu. Gardi ba ya tambayar mutum ina za shi, ya san kowa ƙarya yake yi. Burgami, jakar fatar guzuri, yake kwancewa, ya ɗebo gari ya ɗora a harshe. In ɗanye ne, ko ya iske dawon hura mai laushi, sai ya ce wuce, kasuwa za ka. In ya ji soyayye sai igiya, don ba mai soya gari saboda tafiyar yini guda. Da idona na ga an ɗaure dattijo a kan cuku goma sha biyu. Na taɓa ba Baba wannan labari don in burge shi, ashe kaina na jawo wa.

A wurinmu ba a maida guzuri. In tsohuwa ta ɗaure bakin burgami ta miƙa, mai tafiya ba ya kwance shi sai ya fita gari, kuma in aka rage ko ƙwaya aka mayar mata, kamar an ce hannunta ba sa'a ne. Baba ba ya iya duban idon uwarsa ya ce ta rage. Innarmu suruka ce, ba ta da baki. Wana shi ne mai tafiya, kuma ko ba haka ba, mutum ne da in ka taka masa ƙafa shi zai ba ka haƙuri. Saura jika mai wasa da kaka.

"Kai ka saba zaginta tana dariya," in ji Baba.

Na ce rabon da ta yi dariyar zagina tun kafin a yi mini kaciya. Ya ce in tashi.

Na iske ta ƙofar ɗakinta ta baza kaya a kan tabarma. Ga burgami cike da soyayyen garin hatsi da ta daka da citta da tonka, wato barkono. Ga kilishi, na akuyarta guda ɗaya tilo da ta sa aka yanka. Ga cuku da ta yi musaya da matan Buzaye, an jera kamar takalma ƙofar masallaci, ga dabino, ga akuri na magarya, ga ɗan goran man shanu. Ko jaki aka ɗora wa sai ya waiwayo.

"Wa ya kira ɗan lakwal?" ta ce, ba ta ko ɗaga kai ba.

"Na ji an ce matata za ta buɗe kanti, na zo in ga kaya."

"Ni ba matarka ba ta. Mijina gona shikai. Tashi daga kan tabarmata, ƙahwarka wari."

Na tsuguna na ɗauki cuku ɗaya na ƙwanƙwasa shi a goshina. Na ce mata duk wanda aka kama da wannan, ko dai Buzu ne ko mai gudu, kuma wana bai yi kama da Buzu ba. Na ajiye shi gefe. Na ɗauki kilishi na shinshina, na ce wannan tun daga Madawa gardi zai jiyo shi, karnukan gari su yi masa rakiya. Na ajiye gefe. Ina yi ina raha, ita kuwa tana bin hannuna da ido.

"To mi za ya tahi da shi?"

"Dawo. Curi biyu cikin ƙoƙo, kamar mai zuwa kasuwa."

"Dawo kwana nawa shika yi?"

"Biyu, in an lallaɓa."

"Ran na ukku hwa?"

Na ce Allah na nan.

"Allah na nan sa'adda kana ciki ma, amma nono aka ba ka da ka hito. Wanga abu shi aka koya muku lakwal? A tura mutum daji da tsamin hura?"

Na sake yi mata bayanin gardi da harshensa, a hankali, kamar yadda mushe ke yi mana in ya raina mu. Ta ce gardi ɗan wace mata ne, ita ta yi wa kakanmu guzurin fataucin Gwanja sau huɗu tun ba a haifi uban gardin ba. Na ce lokacin ba iyaka, kuma ba a rufe ta ba. Ta ce ita ba ta taɓa ganin iyakar nan ba, in nuna mata ƙyaurenta. Muka yi ta yi har matan maƙwabta suka leƙo ta kan danga. Ta kira ni ɗan iskan kasuwa, mai cin saura a kwanon gardawa. Na ce aƙalla na san abin da ke cikin kwanon. Ta ce Baba ya haifi namiji ɗaya da baki ɗaya, namijin za shi tafi a bar mata bakin.

Daga nan ta kawo maganar da kowa ke gudu a gidan. Ƙanen Baba, autanta, shekarar da fara ta cinye hatsi ya tafi kudu da ɗan abin da ta iya tattara masa, ko rabin burgami bai kai ba. Fatake suka iske shi kusa da wata rijiya, ya juye burgamin ciki ya koma waje, ya lashe shi tas. Su suka rufe shi, suka kawo mata jakar.

"Na sallami guda da yunwa," ta ce. "Ba ni sallamar na biyu."

Na san labarin tun ina ƙarami. Da ina da hankali da na yi shiru. Sai na ji bakina ya ce, "Wancan yunwa ta kashe shi. Wanga ke za ki kashe shi da ƙoshi."

Muciya ce kusa da ita, ita ta same ni a kafaɗa. Matan danga suka janye kawunansu. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Ta ce daga yau kada in ƙara ce mata kaka, wasa ya ƙare tsakanina da ita, in ta mutu kada a bar ni in ɗauki makara.

Duk da haka ban bar wurin ba, don ina da dabara a aljihu kuma ina ƙaiƙayin a ji ta. Na kira Baba da wana na shimfiɗa musu. Za mu tafi mu biyu da jakin gida, da duwatsun niƙa guda biyu kamar masu kai wa kasuwar wani ƙauye na bakin iyaka, tunda mu mutanen dutse an san mu da su, kuma ba gardin da zai yi kwaɗayin dutse. Ƙoƙon dawo a hannu, kowa ya gani. Shi kuwa soyayyen garin, sai a farke akumarin jaki, a zare ciyawar da aka cusa masa, a ɗura garin cikin 'yan jakunkuna a maida a ɗinke. Gardi na kwance burgami, yana zazzage taiki, amma ban taɓa ganin wanda ya farke akumari ba. In mun wuce su, wana ya kwashe garinsa ya shiga daji, ni in komo da jaki.

Baba ya ce kai, yaron nan. Ban taɓa jin daɗin kalma uku kamar ranar ba.

Tsohuwa ta tura burgamin garin da ƙafa. "Ɗauki, ka ba jaki. Ku ɗaya kuke." Sauran kayan, kilishi da cuku da dabino da man, ta tattara ta shige ɗaki ta saki asabari.

Kwana biyu suka rage kafin ranar tashi, kwana biyun nan ba ta fito ba sai alwala. Ba abin da ake ji daga ɗakinta sai ƙaramin turminta, tim, tim, tun hantsi har la'asar. Ina zaune ina ɗinkin akumari na ɗaga murya don ta ji, na ce Allah sarki tsufa, akuya guda ga mutum amma ba haƙori, sai an daka. Innarmu ta zabga mini harara. Turmi ya ci gaba, tim, tim.

Ranar tafiya da sassafe mun ɗaure duwatsu, sai ga ta ta fito da gurayen kakanmu. Guru ɗamarar fata ce mai asiri a ciki, da maza ke ɗaurawa a ƙugu don tsari. Na kakanmu uku ne, irin na maharba, kowanne ya kusa kaurin hannu, sun yi baƙi don tsufa, tun rasuwarsa suna rataye a ɗakinta. Ta ɗaga rigar wana ta ɗaura masa su da kanta, ɗaya bisa ɗaya, ta ja kansa ta yi masa magana a kunne. Ya gyaɗa kai.

Na ce, "An hana shi nauyin ciki an ba shi na ƙugu. Mai gurayen nan ba jaki ne ya harbe shi ya yi wata yana ɗingishi ba?"

Ta dubi Baba ta ce, "Gaya ma abin ga ya matsa, shina tare mini hanya."

Muka kama hanya. Muka kwana wani ƙauye, washegari muka kewaye Madawa ta gabas don kada abokan iskancina su gan ni su yi ta kira. Rana ta take tsaka muka iske gardawa biyu gindin wata tsamiya, daidai inda hanya ke gangarawa fadama. Ɗaya babba ne mai furfura, yana kishingiɗe. Ƙaramin ya taso, ya leƙa taiki ya ga duwatsu, ya buɗe ƙoƙo ya lakaci dawon da ya fara tsami, ya yamutsa fuska. Ya ga tudu a ƙugun wana, ya ɗaga rigar da bakin sanda. Da ya ga guraye sai ya kai hannu.

Babban ya ce daga inda yake, "Kak ka taɓa. Mutanen dutse na. Wani ya taɓa irinsu hannunsa ya bushe."

Ƙaramin ya janye hannun kamar ya taɓa wuta, ya ce mu wuce.

Mun wuce fa. Jaki ya yi taku goma, wana na gaba, ba wanda ya ko dubi akumari. Daɗi ya cika ni har wuya. Na ga ba zai yiwu a ce na ci gardawa biyu da wayo ba su san da wa suka gamu ba. Na waiwaya na ƙame, na sara wa ƙaramin irin ta soja, na ce, "Marsi boku, mon kaporal. Bon aparemidi."

Ashe shi Faransancinsa bai wuce kalma huɗu ba, kuma ya ji babban ya yi dariya.

"Kai, zo nan. Ɗan lakwal ne?"

Na ce ɗan kaɗan.

"To ka san doka. Kumandan na bukatar jakuna, za a kai hatsi bariki. Sauke duwatsun."

Na yi magiya da Hausa, na yi da Faransanci, wannan ya ƙara ɓata abin. Da na ga jaki ya tafi, na ce to ya bar mana akumarin, na gado ne. Ya ce jaki ba akumari me zai ɗauka, sannan ya tsaya ya dubi akumarin, ya dube ni, ya ce me ke cikinsa da nake so haka. Wana ya taka mini ƙafa, karo na farko a rayuwarsa. Na ce ba komai, ciyawa ce. Muna tsaye aka kora jakinmu arewa da guzurin kwana bakwai a bayansa.

Duwatsun muka bari nan. Muka yi ta tafiya har muka kai inda gonaki suka ƙare. Na ce mu koma gida a sake shiri. Ya ce jibi ake zuwa ɗaukarsu, in ya koma da igiya zai fito. Na miƙa masa ƙoƙon, saura curi ɗaya da ya fara kumfa. Na tuɓe rigata na ce ya sayar a hanya, ya ce wa zai sayar wa cikin daji. Ina ta rawar baki, shi kuwa ko a jikinsa, har abin ya ba ni haushi.

"Koma gida," ya ce. "Ka gaida tsohuwa."

Na tsaya ina kallon bayansa har sabara ta rufe shi, ba abin da nake gani sai burgamin nan na ƙanen Baba da aka juye ciki waje.

Baba bai buge ni ba. Ya saurari labarin har ƙarshe, har da gaisuwar Faransanci, don na kasa ƙirƙiro wata ƙarya da za ta tsaya. Ya ce tunda na ba da jaki, aikin jaki ya dawo kaina. Madawa kuwa na daina zuwa. Ni ne ɗaukar ruwa daga rijiyar gangare, ni ne jigilar kara daga gona. Wannan duk mai sauƙi ne. Tsohuwa ce ba sauƙi. Ba ta yi mini magana, amma duk lokacin da na kai loma baki sai ta gaya wa kaji, ko turmi, "Ku dube shi, shina ci. Kwana huɗu ke nan yau." Washegari ta ce biyar. Da ta kai goma ta daina ƙirga, sai dai ta zauna inda zan gan ta ta zuba mini ido har in tsame hannu. Na rame. In na ji baƙo ya yi sallama ƙofar gida sai in ce fatake ne suka kawo labari. Abin da ya fi ƙona mini rai, ita tana cin tuwonta har da neman ƙari. Na ce a raina tsohuwar nan ba ta da zuciya, ɗan goyonta na can ƙila kuraye sun gama da shi.

Wata biyu muna haka. Ran nan da hantsi, na sauke tulu ke nan, wani ɗan koli na ƙauyen gaba da mu ya shigo, ya biyo daji daga ƙasar Ingilishi. Ya gaisa da Baba, ya ce saƙo gare shi na tsohuwa. Ya kwance ƙunshi ya zube mata gurayen nan uku a gaba, sun lafe kamar saɓar maciji.

Na ce shi ke nan, an kawo kayansa.

Ɗan koli ya ce, "Shina lahiya, ya samu aiki wurin kuza. Ya ce a ce miki biyu sun kai shi Kaura, na ukkun cikin jirgi ya cinye shi."

Na ɗauki ɗaya. An farke ɗinkin gefe guda. Na kai hanci, sai ƙamshin kilishi da cuku da man shanu, ga ɗan ɓarɓashin dabino manne a fatar. Abin da turmi ya kwana biyu yana yi ke nan. Ta zazzage sassaƙen asirin kakanmu da ke cikin gurayen a tukunya, ta daka akuyarta da sauran kayan har suka zama abu ɗaya, ta ɗura da tsinke ta danna, ta ɗinke.

Da na ce farin ciki na fara ji, na yi ƙarya. Wuta ce ta taso mini. Na manta an hana ni ce mata kaka.

"Kaka, wata biyu. Wata biyu kina kallo ina tsame hannu daga tuwo, kin san shina da abinci."

Tana shafa gurayen tana naɗe su, ba ta dube ni ba. "Ban sani ba ko ya ishe shi. Yau na sani."

"Amma kin san ba da dawo kaɗai ya tahi ba. Kika bar ni ina ganin na kashe wana."

"Kai ka ce ni zan kashe shi. Na ce bari ka ɗanɗana ka ji."

Na ce wannan mugunta ce, ba tsufa ba. Na ce kuma in gaskiya ake so dabarar tawa ce, ni na ce a ɓoye guzuri, ita sata ta yi. Ta ce ƙwarai, tawa dabarar na can tana kai hatsi bariki. Ɗan koli ya sunkuyar da kai yana gyaran ƙunshin da ba komai a ciki. Baba ya ce in yi shiru, na ƙi. Na ce ni aka jawo cikin maganar nan ba don ina so ba, ni na sha muciya, ni na bi rana, ni na zama jakin gida, kuma tare muka yi tafiyar, da ni da gurayen, kwana biyu. Me zai ragu gare ta in ta ja kunnena ni ma ta gaya mini, kamar yadda ta gaya masa?

Sai lokacin ta ɗago ta dube ni.

"Da na gaya maka," ta ce, "da ka gaya ma gardin. Da Faransanci."